Yadda Za Ka Tsare Kekenka Daga Ɓarayi

A wata tattaunawa da masu keke suka yi kan satar keke, sun fi daɗewa a kan makulli. Bakinsu ya zo ɗaya cewa siririyar wayar kulle ba ta hana komai, almakashin ƙarfe na datse ta nan take. Gara makullin ƙarfe mai siffar U ko sarƙa mai kauri da kwaɗo nagari.

Yadda aka ɗaure ma yana da muhimmanci. A haɗa firam, wato gangar jikin keken, da ƙafar baya a jikin ƙarfen da aka kafa a ƙasa, wanda ba za a iya ɗaga keken ta samansa ba. Kada makullin ya kwanta ƙasa, don nan ɓarawo ke samun wurin dukansa da guduma. Wanda ya ɗaure ƙafar gaba kaɗai, ita zai tarar.

Sirdi da ƙafafun da ake kwancewa da hannu, a sa musu noti mai buƙatar sifana. Fitila kuwa a cire ta a tafi da ita.

Shawarar da na fi ɗauka ita ce ta lambar firam, wadda galibi take ƙarƙashin mahaɗar feda. A rubuta ta, a ɗauki hoton keken, domin da su za ka nuna wa 'yan sanda cewa naka ne.