Shure SE846 ko Sennheiser IE 600 don jin kiɗan rock da ɗaga ƙarfe?

Jama'a, na rasa wanda zan ɗauka. Abin jin waƙata na yanzu gumi ya ci mahaɗar MMCX ɗinsa (inda kebul ke shiga abin kunnen), kunnen hagu sai ya ɗauke da na juya kai. Na goge da sifirit, na canja kebul, duk a banza.

SE846 lasifika 4 gare shi a kowane kunne, da kan soso yana toshe hayaniyar wurin motsa jiki sosai, kuma ana canja matatar bakinsa. IE 600 guda ce tak mai milimita 7, amma ganga da jita sun fi yi mini rai a ciki. Damuwata, dukansu MMCX ne.

Wanne ya fi jure gumin awa ɗaya kullum?