Tarin hayaƙin itace da ƙurar hunturu: a fara azithromycin?

Salamu alaikum abokan aiki. Dattijuwa ce mai shekara 58, ta daɗe tana girki da itace a rufaffen madafi, duk hunturu tarinta sai ya tsananta. Ba zazzaɓi, kakinta fari, gwajin kaki na GeneXpert bai nuna tarin fuka ba. An ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta amoxicillin 500mg sau uku kullum har kwana 5, shiru. A ganina hayaƙin ne ya kumbura hanyoyin numfashi, ba ƙwayar cuta ba. Salbutamol, maganin buɗe hanyoyin numfashi, na ɗan lokaci ne kawai yake sassauta mata.

Azithromycin (shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne) 250mg kullum yana rage tashin COPD, wato daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin numfashi da nake zargin shi ke damunta, sai dai yana iya taɓa bugun zuciya da ji, ga shi ba mu da ECG, na'urar duba bugun zuciya. Don Allah, a fara shi haka nan, ko a tura ta gwajin ƙarfin numfashi na spirometry tukuna?