A taimaka: adaptation da mitigation a Hausar rediyo, kafin ƙarfe goman gobe

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gobe da ƙarfe goma za mu naɗi shiri kan sauyin yanayi. Baƙonmu malamin jami'a ne, ya turo bayaninsa da Turanci, kuma kalmomi biyu sun tsaya min a wuya: adaptation da mitigation. Kowane shafi sai sun fito, kafaɗa da kafaɗa. Masu sauraronmu 'yan kasuwa ne da matan gida da direbobin adaidaita sahu, ina son abin da za su ji su gane nan take.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Anti. Ta farko "sabawa da canjin yanayi", ta biyu "rage raɗaɗi". Shi ke nan.

Abu Fatima: Rage raɗaɗi kam a'a. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk wanda ya ji kalmar nan buhun shinkafa da katan ɗin taliya yake hangowa. Ma'anar ma ba ta hau ba. Ta biyun nufinta a rage abin da ke ɗumama duniya tun daga inda yake fitowa, wato ƙona fetur da gas da kwal da sare dazuka. Alƙawarin da Nijeriya ta yi a taron sauyin yanayi na duniya a Gilasgo a 2021, cewa nan da 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take iya shanyewa ba, a nan ya faɗo. Ta farkon kuwa ita ce abin da za ka yi tunda zafin da ruwan sun riga sun iso. Ku tuna ruwan da ya shiga Kantin Kwari a Agustan 2022. In aka yashe magudanai kafin damina, aka daina cike kududdufai ana gina shaguna, ɗan kasuwa ya ɗaga daɓen shagonsa ya daina jibge diloli a ƙasa, to ita ce. Bai rage hayaƙin kowa ba, amma ya tsira da atamfarsa.

Gwaggon Yara: Ni "sabawa" ce ba ta kwanta min ba. Sabo turken wawa. Mun saba da ɗauke wuta, mun saba da famfo ba ruwa, me muka gyara? In kika ce wa mace a Kurna ta saba da ambaliya, ta ji kin ce ta yi haƙuri ta zauna a ciki.

Ɗan Fagge: To "daidaitawa".

Gwaggon Yara: Daidaita me? Sai ka ce mu za mu daidaita wa sama sahunta.

Malam na Sagagi: Kafin a yi nisa. Yaro, ba a cewa "canjin yanayi". Canji kalmar Turanci ce da ta sa hula. Muna da sauyi, a bar mu da shi. Batun kalma kuma, na daɗe da tanadarta tun ina aji: hawainiyanci. Hawainiya duk inda ta hau sai ta saje da wurin don ta tsira. Ɗafa-ƙeyar -anci kuwa tana ba da ɗabi'a ko sana'a, kamar almajiranci. Kalma ɗaya tilo, Hausa tsantsa, babu aro.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, hawainiyarka ta kiyayi ramarmu.

Gwaggon Yara: Malam, a gidanmu in aka kira mutum hawainiya, ko mai fuska biyu ne ko mai nawa. A ce a rediyo gwamnati ta ware kuɗin hawainiyanci? Wallahi sai an kira waya an zage su.

Malam na Sagagi: Hajiya, kowace sabuwar kalma haka take fara wari. Da can wa ya san "na'ura mai ƙwaƙwalwa"? Laifinku 'yan zamani, in Bature ya ƙirƙiro kalma ku haddace ta kuna taƙama, in Bahaushe ya ƙirƙiro ku yi dariya.

Abu Fatima: Malam, ai ita ma kwamfuta ta kusa cinye ta a baki. Almajiranci ɗin ma da ka kawo, asalin almajiri Larabci ne.

Malam na Sagagi: Larabci daban, ya kwana ya tashi a cikinmu shekaru aru-aru.

Ba'are a Kofar Ruwa: Ku yi haƙuri in sa baki, ni baƙo ne daga Maraɗi. Ku Kanawa kun ɗauka in ba a toya kalma a cikin badala ba, ba ta zama Hausa ba. Wajenmu tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturan gawo da kalgo su tohu cikin gona, ana yi musu aski maimakon a tumɓuke. Ba wanda ya jira kwamiti. Suka ce "sassaben zamani", sunan ya bi aikin, gonaki suka koma da itace. Ku nemi sunan da ke nuna aiki.

Malam na Sagagi: Daidaitacciyar Hausa dai a kan karin Kano aka gina ta, ba mu muka roƙa ba.

Ba'are a Kofar Ruwa: An gina ta kan karinku, ba a ba ku takardar mallaka ba, Malam.

Maman Ilham: Don Allah iyayena, dare yana yi, ni ko layi ɗaya ban rubuta ba. A bar Kano da Maraɗi sai an sha ruwa.

Abu Fatima: Maganar Ba'are tana da ƙashi. Kalmar farkon ma, adaptation, ita ta fi shafarmu, don Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba, amma ga abin da ya faru a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024. Ni zan ce "dabarun zama da sauyin yanayi". Kalmar dabara ita ke ɗauke da aikin: manomi ya saurari hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta NiMet, ya shuka irin gero ko wake mai saurin nuna, unguwa ta fito aikin gayya a lambatu. Ta biyun kuma "rage hayaƙi mai ɗumama duniya".

Gwaggon Yara: Wannan na gane shi ba tare da an maimaita ba.

Injiniya Kabuga: Ta farko na yarda. Ta biyu akwai gyara. Ba duka ne hayaƙi ba. Iskar mitan da ke tashi daga fadamun shinkafa irin na Kura, da wadda shanu ke gyatsawa, ba a ganin ta, ba wuta aka hura ba. A ce "rage fitar da iska".

Ɗan Fagge: Injiniya, a ce wa Kanawa su rage fitar da iska? Sai a hana cin wake ke nan.

Injiniya Kabuga: Kai dai ba ka da kunya. To dashen bishiya fa? Yana shanye iskar, yana kuma ba da inuwa. Ɓangare biyun duka ya shiga, kuma babu hayaƙin da ya rage.

Maman Ilham: Wannan baƙon zai warware da bakinsa, aikinsa ne. Na rubuta "dabarun zama da sauyin yanayi" da "rage hayaƙi mai ɗumama duniya", a karon farko zan ƙara da cewa har da iskar da ido ba ya gani. Na gode, Allah ya saka.

Malam na Sagagi: Kalma biyar a madadin ɗaya, wannan bayani ne, ba suna ba. Ki yi aikinki da shi gobe tunda lokaci ya ƙure, amma ban sa hannu ba. In da hali ki ambaci hawainiyanci ko sau ɗaya, a ji abin da masu sauraro za su ce.

Maman Ilham: Baba, ina son aikina.

Injiniya Kabuga: Ni ma a rubuta cewa ban yarda da "hayaƙi" ba.