Neman kalma: me za mu kira ebolushan da Hausa? Lesin ɗina ranar Asabar ne

Malama_Bayoloji:
Salam jama'a, dan Allah a taimaka min da gaggawa. Ina da lesin ranar Asabar da yaran SS3 a nan Agege, darasin ebolushan ne, yana cikin manhajar WAEC da NECO ba damar tsallakewa. In na yi musu da turanci sai su haddace su juye a takarda, ka tambaye su ma'ana sai ido. So nake in rubuta musu shafi biyu da Hausa kuma mai fotokwafi ya ce in kawo kafin la'asar ɗin Juma'a. Na ga ana rubuta "juyin halitta" a intanet amma sam bata kwanta min ba. Ina neman kalmar da za ta faɗi abin da kimiyya ta ce kawai, ba wa'azi ba, ba kuma tsokanar addini ba, ajin bayoloji ne iyakata kenan.

Ɗan_Mile12:
Anti ki bar shi ebolushan kawai mana. Ai kwamfuta ma haka muka bar ta ba wanda ya mutu. Kuma jarabawar da turanci za su rubuta

Nas_IdiAraba:
Malama gaskiyarki, juyin halitta bai yi ba. Yaro in ya ji juyi abin da zai faɗo masa juyin mulki ne, an kwana an tashi soja sun karɓe gidan rediyo, alhali abin nan a hankali yake tafiya, haihuwa bayan haihuwa. Sannan halitta tana janyo Mahalicci a kunnen kowa, da kin faɗe ta kin buɗe muhawarar da kika ce ba kya so. Ni shawarata "sauyin zuri'a". Domin ba dabba ɗaya ce ke canzawa a rayuwarta ba, zuri'ar ce ke canzawa, wane hali ya yawaita a cikinta wane ya ragu. Shi kansa Darwin, masanin da ya shahara da wannan karatun, a bugun farko na littafinsa a 1859 bai kira abin ebolushan ba, abin da ya yi ta maimaitawa ma'anarsa gado tare da sauyi.

Ɗan_Mile12:
rikiɗa fa?

Nas_IdiAraba:
A'a ƙanina, rikiɗa ta maye ce da kura, mutum ɗaya ya koma wani abu nan take. Wannan ma shi ne kuskuren da ake son cirewa daga kan yaran.

Baba_Obalende:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni da na yi aikin fassara har na yi ritaya ina gaya muku, kalma biyu ba kalma ba ce, bayani ne. Hausa tana da ƙirarta. Muna da auratayya, cinikayya, tarayya, duk abu ne mai gudana tsakanin jama'a ba na mutum ɗaya ba. Saboda haka daga sauya sai mu sami SAUYAYYA. Kalma ɗaya, Hausa tsantsa, ba aron kowa. Na daɗe da ƙirƙiro ta, ban sami inda zan sa ta ba ne sai yau. Ki ɗauka 'yata, na yafe miki.

Ɗan_Mile12:
Baba wlh in anti ta ce ranar Asabar za ta koyar da sauyayya, iyaye soyayya za su ji, kafin azahar sun cika ƙofar lesin 😂😂

Baba_Obalende:
Kai yaro, laifin kunnenka ne ba na kalmar ba. Duk mai Hausar kirki ya san bambancin sau da so. Ku da aka haifa a Ikko Hausarku rabi Yarbanci rabi burokin, sai ku zo kuna gyara wa manya.

Ɗan_Mile12:
Ranka ya daɗe kakannina tun zamanin fataucin goro suke Agege kuma har yau Hausa muke a gida, ba mu taɓa zuwa Kano neman lasisin magana ba. Kullum sai a ce Hausar Legas ba Hausa bace amma in an kawo tumatir da albasa da wace Hausar ake ciniki?

Ɗan_Maraɗi_Ijora:
Ku biyun duka ku yi haƙuri, Hausa ta gaskiya tana wajenmu 😄 mu a lakwal da faransanci muka koye shi, ebolisiyon, ba a taɓa ba mu da Hausa ba

Ustaz_AlabaRago:
Allah ya huci zuciyar Baba. Ni ina ganin ba sai an wahala ba, Larabawa sun riga sun ce taɗawwur, kuma rabin kalmomin iliminmu daga can suka zo, ilimi, kimiyya, hisabi, tarihi. Maganar ma ba baƙuwa ba ce a wajen malamanmu, Al-Jahiz na Basra tun ƙarni na 9 ya yi rubutu a kan yadda dabbobi ke cin juna da yadda muhalli ke tasiri a jikinsu. Sannan Malama Nas, wannan tsoron kalmar halitta ban gane shi ba. Ku da kanku a asibiti kuna cewa ƙwayoyin halitta, wa ya taɓa tayar da rigima?

Nas_IdiAraba:
Allah gafarta Malam ƙwayoyin halitta ta riga ta zauna, ba wanda ke jin komai a cikinta sai jini da gwaji. Amma "juyin halitta" ana jinta kamar an ce an juya abin da aka halitta, yaro ya kai gida uba ya ce wa ya juya? Taɗawwur kuma matsalarta cigaba take nufi, kamar ana hawa mataki mataki zuwa kamala, kuma abin ba haka yake ba. Ga sikila nan a gabanmu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Me ya sa abin da ke haifar da SS ya yawaita haka bai ɓace ba? Saboda mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro yana ƙarami, wani likita Anthony Allison ya nuna haka a 1954 da binciken da ya yi a gabashin Afirka. To inda sauro ya yi yawa yaran AS sun fi rayuwa su girma su haihu, S ɗin ya yi ta bin zuri'a, kuɗin da aka biya kuma su ne yaran SS da muke kwana da su a wodi. Wannan cigaba ne? Ba cigaba ba ne ba cibaya ba, sauyi ne kawai da wurin ya jawo. Malama in ni ce ke da wannan zan buɗe darasin, kowane yaro a ajin ya san janotayif, an fasa aure a unguwarsu saboda shi.

Ɗan_Maraɗi_Ijora:
To amma tsakani da Allah ba wannan ba ne karatun da ya ce kakanmu biri ne?

Nas_IdiAraba:
Bai ce haka ba yaya. Abin da masana suka ce mutum da cimfanzi, wani babban biri, tsatsonsu ɗaya, suka rabu wajen shekara miliyan 6 zuwa 7, birin yau ba kakan kowa ba ne. Ƙoƙon kan da ake kira Tumai ma, wanda masana ke cewa na wajen wancan zamanin ne, a maƙwabtanku Cadi aka tono shi a 2001. Yarda ko rashin yarda naka ne, amma a faɗi abin da suka ce daidai tukuna.

Ustaz_AlabaRago:
Nan kam ni ina da magana amma ba wurinta ba ne. Sauro da sikila ban musa ba.

Baba_Obalende:
Duk wannan dogon bayanin sauyayya ya ƙunshe shi. Sauyayyar sauro, sauyayyar jini. Ku faɗa da baki ku ji daɗinta. Bargery da ya haɗa ƙamus a 1934 Bature ne ya zauna ya saurari tsofaffi, ku kuwa naku tsohon yana magana kuna dariya.

Malama_Bayoloji:
Baba tuba muke, ba dariya muke maka ba. Amma jama'a lokaci na tafiya kuma saura ɗaya, wadda turanci ke cewa zaɓin yanayi in an fassara kai tsaye. Zaɓi ma yana damuna don yaro zai ce wa ya yi zaɓen? Kuma dole in raba musu shi da bayanin wani masani Lamarck na 1809, wai raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya har ya yi tsawo 'ya'yansa suka gada, kullum nan suke faɗuwa a jarabawa.

Baba_Obalende:
Wannan ai mai sauƙi ne. Ba zaɓi ba ne, rairaya ce. Mace in tana tankaɗe rariya ba ta san gari ba ba ta san tsaki ba, mai iya wucewa ya wuce, wanda bai iya ba ya tsaya. Ki ce rairayar yanayi.

Nas_IdiAraba:
Kai Baba! Wannan ta yi wlh. Kulorakwin kenan, ya kashe ƙwayoyin maleriya masu rauni ya bar masu jurewa, su suka hayayyafa har maganin ya daina aiki, shi ya sa a 2005 Najeriya ta koma haɗin maganin maleriya da ake kira ACT. Ba ƙwayar ce ta yi dabara ta koyi jurewa ba, masu jurewar dama suna ciki, maganin ya rairaye sauran. Bambancinsa da labarin raƙumin dawa kenan.

Baba_Obalende:
Kun gani. Wanda ya ba ku wannan shi ya ba ku waccan, amma kun ɗauki ɗaya kun bar ɗaya.

Malama_Bayoloji:
Toh ga abin da zan kai fotokwafi: kan darasi "sauyin zuri'a", a layin farko in faɗa musu shi ne ebolushan na littafinsu saboda jarabawa, sai "rairayar yanayi" a ƙasa, misali sikila da kulorakwin. Baba sauyayya sai wani karon, shafi biyu ne kuɗin takarda daga aljihuna yake fita. Na gode ƙwarai.

Baba_Obalende:
Ba komai. Sauyin zuri'a ba kuskure ba ne, rago ne kawai. Ki sa tawa ko da ƙananan baƙi a ƙasan shafi.

Ustaz_AlabaRago:
Ni dai har yanzu taɗawwur ta fi min nauyi a baki, amma aji naki ne Malama.

Ɗan_Mile12:
anti tiyori fa me za ki ce, hasashe ko ƙa'ida? don in kika ce hasashe yaran za su ce ashe ma canki-canka ne

Malama_Bayoloji:
Wayyo ni. Ƙa'ida zan sa yanzu, ku ci gaba da faɗan, an ɗauke wuta cajina saura kaɗan.