Neman kalma: yaya za mu ce specialty coffee da direct trade da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salam 'yan uwa don Allah a agaza min, gobe da safe zan naɗi shiri kan manoman gahawa na Habasha da Kolombiya kuma kalmomin nan biyu sun tsaya min a wuya. Ta farko ita ce gahawar da ƙwararrun masu ɗanɗano suka ba maki 80 zuwa sama cikin 100, ta biyu kuma kamfanin da ke soya ta ne yake ƙulla ciniki da manomi ko ƙungiyarsu da kansa, ya biya sama da farashin kasuwar New York.

Malamar makaranta: Ta farkon ai gangariyar gahawa, ta zauna daram. In kika ce ta musamman mai sauraro zai tambaya musamman ta wace fuska.

Ɗalibi: Anti ki ce kofi kawai, wa yake cewa gahawa yanzu

Tsohon tafinta: Kai yaro, kofi abin zuba ruwa ne, in ta ce kofi mai maki 80 sai a ɗauka kofin ƙwallo ake magana. Ta biyun kuma na daɗe da tanadar mata suna, SAYEN BAKIN GONA. Hausa ce tsantsa ba aro.

Ɗalibi: To Baba gahawar ma ai Larabci ce, me ya sa aron Larabci halal ne na Turanci kuma abin kunya?

Tsohon tafinta: Ita ta kwana ta tashi a bakinmu tun kakanni. Ku 'yan zamani kunyar harshenku kuke ji, shi ya sa.

Malamar makaranta: Baba a yi haƙuri amma sayen bakin gona ai aikin 'yan na-kama ne, su tare manomi lokacin da yake cikin matsi su saye da araha, ka ga sunan ya juya ma'anar gaba ɗaya. Ni da ciniki ba dillali zan ce.

Mai harkar fitar da kaya: Hajiya wannan ma akwai gyara, gsky dillalan ba su ɓace ba. Buhun da ya taso daga yankin Yirgacheffe na Habasha sai ya bi ta hannun mai wurin wankewa da mai fitarwa da mai shigarwa kafin ya isa wurin mai suya, a Habasha ma daga 2008 yawanci ta ECX, kasuwar hada-hadar amfanin gona ta ƙasar, ake bi sai a 2017 aka sassauta. Kuma direct trade ba kamar Fairtrade ba ne, tsarin nan na cinikin adalci ga manoma da ke da hukumar ba da shaida da mafi ƙarancin farashi, wannan kowane kamfani shi ke faɗin nasa sharaɗin, wani ya wallafa abin da ya biya manomi wani ya yi shiru. Kada sunan ya yi wa manomi alƙawarin da cinikin bai yi ba.

Mai shirin rediyo: To cinikin kai-tsaye fa? Sai in ƙara jimla ɗaya in ce ba wata hukuma da ke tantance shi.

Tsohon tafinta: Kai-tsaye fassarar Turanci ce aka sa mata hula. Amma tunda gobe ne ki yi da ita 'yata, ni dai a rubutuna sayen bakin gona zan ci gaba da sawa.

Ɗalibi: gangariyar dai na yarda, gahawar ce har yanzu ban yarda ba