Yaya kuke auna albam? Ni dai lissafina ya rikice

Mai_Caji_Yelwa:

Salamu alaikum jama'a, an wuni lafiya, ya zafi? Mu dai nan Garwa sai godiya, rana kamar ta sauko ƙasa. Wata 'yar magana ce ke damuna na ce bari in kawo ta nan ko wani ya fi ni dabara.

Ina da ɗan teburin cajin waya a Yelwa, kuma ina tura wa mutane waƙoƙi a kart memwar. To kullum sai mutum ya zo ya ce zuba min masu daɗi, ko ya ce a cikin sababbin nan na Kano wanne ya fi, ni kuma kunnena ya riga ya cika, a wuni ina jin waƙa ta fi hamsin har na daina gane wanne ne wanne. Shi ne bara na sayi kaye, wato littafin rubutu, na dala arba'in na fara ba wa kowane albam maki bisa 20 kamar yadda ake mana a lakwal, har da kofisiyan na sa, wato lambar da ake ninka makin kowane ɓangare da ita. Magana, wato abin da mawaƙin ke faɗa, na ba ta kofisiyan 3. Murya 2, kiɗa 2, sai jeri, yadda waƙoƙin suka bi juna, shi kuma 1. In na tara sai in raba da 8 in fitar da mwayen, wato matsakaicin maki, wanda bai kai 10 ba ya faɗi ba na tura wa kowa sai in shi ya nema da bakinsa.

Ga inda matsalar take. Akwai wani albam da na ba shi 16, wlh tun ranar da na rubuta makin ban sake kunna shi ba, wata bakwai ke nan. Akwai kuma wani, magana na ba shi 8 don ba abin da yake faɗa sai ke ce hasken idona ke ce sanyin zuciyata tun daga farko har ƙarshe, murya 14, kiɗa 15, jeri 10, ya tashi 11 da rabi, da ƙyar ya tsallake, amma shi nake kunnawa kowace safiya in ina share gaban tebur, har mai shayin da ke kusa da ni ya haddace shi. To wanne ne gaskiya, kayen ko kunnen? Ku kuna da wata hanya da kuke bi ne ko ni kaɗai ne mai wannan haukan?

Shofer_Gaundare:

Wa alaikumus salam ƙanena. Hauka kam ba kai kaɗai ba ne, sai dai ni nawa ba a takarda yake ba, a hanya yake. Shekarata 22 ina jan mota tsakanin Garwa da Gaundare, kusan kilomita 280, kuma da hanyar nan nake auna kowane kaset tun lokacin da kaset ne, yanzu da ya koma kile, wato filash, ma haka.

In na tashi daga tasha sai in kunna daga waƙar farko in ɗauke hannuna. Wanda hannuna ya koma kansa tun kafin in ƙetare gadar Binuwai, wannan ya mutu, ba sai an yi dogon zance ba. Wanda ya kai ni Ngong ba laifi, a ajiye shi. Wanda ya ƙare na bar shi ya sake zagayowa har muka wuce Mbe muka fara hawan dutsen nan na falez, motar na nishi a giya ta biyu kowa ya yi tsit, kuma ba fasinjan da ya ce shofer don Allah canza mana, to wannan shi ne albam. A shekara ba na samun irinsa ya fi biyu ko uku.

Kuma ka san abin da ya ɓata ku yaran yanzu? Tsallakewa ta yi muku sauƙi. Da can kaset na C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 kuma 45, in kana son wuce waƙa sai ka danna ka yi ta canke, ko ka ciro shi ka zura biron bik kana juyawa don kar batir ya ƙare, saboda wannan wahalar sai ka haƙura ka ji, kuma sau da yawa waƙar da ka so ka wuce ita ce za ta zame maka ta gaban goshi bayan sati biyu. Haka na yi da kaset ɗin marigayi Ali Baba ɗan nan Garwa, da farko gefe ɗaya kawai nake so, daga baya ɗaya gefen ne ya cinye. Saboda haka wannan jerin da ka ba kofisiyan 1, a wurina shi ne babba, mai hankali ba ya jera masu sanyi uku a wuri ɗaya sai in yana so direba ya yi gyangyaɗi.

Maman_Hauwa_Kusiri:

Kai ɗana ka ba ni dariya, wai kofisiyan, kamar mai shirin jarrabawar bak. Ni tambayata ɗaya ce, wannan magana da ka ɗora a sama da komai, in ba ka jin yaren fa? Mu nan Kusiri gada ɗaya ce tsakaninmu da Injamena, abin da ke tashi a gidajen biki rabi na Sudan ne da na Larabcin Cadi, ga na Fulatanci irin su Isnebo, ga namu na Hausa. Larabcin kasuwa ina ji, amma in mai waƙar Sudan ya ja baiti wlh kalma uku nake tsinta a cikin goma, kuma hakan bai hana tsigar jikina tashi ba. Sifiri za ka ba shi ke nan a magana? Algaitar fadar lamiɗo ranar hawan salla fa, nawa za ka ba ta?

Ni ba na ba wa waƙa lamba, aiki nake ba ta. Akwai ta wanke-wanke da tuƙin tuwo, wadda za ta riƙe ka ba ka san ka gama ba. Akwai ta biki, ita kuma ba a gane ta a waya, sai an sa ta a babban lasifika ka ga ko mata za su ajiye faranti su miƙe. Na sha ganin albam da ake ta yabo, aka sa shi a wunin biki kowa ya ci gaba da cin shinkafarsa, ana sako amada ta Barmani Choge, kiɗan ƙwarya ne fa kawai da muryoyin mata, sai ga tsofaffi sun ɗaure gyale a ƙugu. Matar nan ta rasu tun 2013 amma har gobe ita ke tayar da fili. Sannan akwai ta dare in yara sun yi barci.

Sai kuma babban gwaji, zan iya barinsa yana yi in surukata ta shigo? In akwai waƙa ɗaya tak da sai na yi tsalle na rage murya, to duk albam ɗin ya sauka a idona ko da sauran zuma ne. Wannan ma ka sa shi a kayenka, tunda matan aure na aiko maka da kart.

Malam_Domayo:

Assalamu alaikum. Hajiya ta riga ni faɗin rabin abin da ke bakina. Ni malamin lise ne, wato sakandare, a Marwa, shekara da shekaru ina ba da maki bisa 20, don haka bari in gaya maka sirrin da ɗalibai ba su sani ba: ashirin ɗin nan ƙarya ce. Ba wanda ke ba da 20 a rubutun insha'i, 18 ma sai an yi shekara ba a gani ba, ƙasa da 5 kuma sai wanda ya miƙo farar takarda. Kusan kowa tsakanin 8 da 15 yake. Ka buɗe kayenka ka duba, na tabbata haka naka yake. Ka ga ashe matakai bakwai ko takwas kake amfani da su, kuma bambancin 12 da 13 yawanci ba a takardar yake ba, ya danganta da ko malam ya ci abincin rana. Masu sharhin waƙa na Amurka ma haka suke fama, mujallar Rolling Stone taurari biyar ta daɗe tana bayarwa, Pitchfork kuma daga 0 zuwa 10 har da ɗigo, su ce wannan 7.8 wancan 8.1, ni dai ban ga kunnen da zai ji wannan tazarar ba.

Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna. Ma'aunin naka na waƙar situdiyo ne, in ka ɗora shi a kan manya zai karye. Shata da ya rasu 1999, Ɗanƙwairo 1991, Ɗanmaraya Jos 2015, waɗannan ba su zauna sun ce bari mu tsara albam mai waƙa goma ba. A gaban jama'a ake yi, a ɗauka, masu sayar da kaset su haɗa yadda suka ga dama, shi ya sa za ka sayi kaset biyu masu hoto ɗaya ka tarar abin ciki daban. Waƙa ɗaya ma Shata bai cika maimaita ta iri ɗaya ba, ya danganta da wanda ke zaune a wurin da abin da aka yi masa. To jerin wa za ka ba maki, na mawaƙi ko na ɗan kasuwa?

Kuma ta yaya za ka raba kiɗa da magana a wurin da kalangu da kansa magana yake? Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, ganga na bin hawa da saukar harshe, wanda ya saba yana jin kirarin da take yi tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Ɗanmaraya kuwa shi kaɗai ne da kuntigi, tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, in ka bi lissafinka sai ka ce kiɗa ya yi ƙaranci ka ba shi 9, alhali rashin tarkacen ne ya sa kowace kalma ke shiga. A irin waɗannan abin da nake saurara shi ne yadda jagora ke saki 'yan amshi su cafe ba tare da an ji gaɓa ba, da habaicin da sai ka kwana biyu kake gane wa aka nufa. Ina da wani tsohon ɗauka, ana jin zakara na cara a baya da wani yana tari, ban san sau nawa na ji shi ba.

Shawarata, kar ka yar da kayen. Ka dinga rubuta maki da fensir, ka sa kwanan wata, bayan wata uku ka dawo ka sake ba shi wani ba tare da ka leƙa na farkon ba. Ɗokin sabon abu yana ƙara maki biyu ko uku, na gani a kaina.

Abba_Injamena:

Hhhh Malam ranka ya daɗe duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma ku duka kuna magana kamar har yanzu akwai mai zama ya ji albam daga farko zuwa ƙarshe. Mu dai a nan waƙa a TikTok take iso mana, daƙiƙa talatin, in ta kama ka ka je ka nemo cikakkiyar, sau tari ma ka tarar wannan gutsuren shi ne kaɗai abin ji a ciki sauran duk fiyano ne iri ɗaya da muryar da kwamfuta ta gyara har ba ka bambance wane da wane.

Nawa ma'aunin wayata ce ke yi min. Memwar ɗinta ƙarami ne, duk bayan 'yan makonni sai ta ce ta cika, dole in zauna in yi goge-goge, kuma da tsadar koneksiyon a nan ka san abin da ka goge ba lallai ka sake sauke shi ba. To duk wanda ya tsira daga shara uku ya ci jarrabawa. Akwai wasu waƙoƙi huɗu da suka bi ni waya uku, kuma in gaya maka gaskiya ɗaya daga ciki ba ta da wani daɗi, kawai ita ake yi a shagon da ke kusa da gidan su wata yarinya lokacin da nake zuwa zance, an aurar da ita shekara biyu ke nan amma na kasa gogewa. Wannan a wane layi za ka sa shi a kayenka yaya?

Shofer_Gaundare:

Abba Allah ya ba ka wadda ta fi ta, amma ka goge waƙar nan haka nan.

Mai_Caji_Yelwa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Malam wlh kamar ka leƙa kayen, jiya da dare na ƙirga, albam 64 ne a ciki, mafi ƙasa 7 mafi sama 16, kuma fiye da rabi tsakanin 11 da 13 suke, kunya ta kama ni. Na kuma lura duk waɗanda na ba maki da rana tsaka lokacin da kuran ya ɗauke mutane na tsaye a kaina suna jiran waya, makinsu ya fi ƙasa.

Abin da na yi yanzu, na ja layi biyu a gefen kowane shafi. Ɗaya na rubuta waƙa nawa nake tsallakewa, irin na Baba Shofer ke nan tunda ni ba ni da mota, ɗayan kuma na Hajiya, na sa harafi, B biki, A aiki, D dare, wanda ba ya jiyuwa a gaban manya na yi masa jan ɗigo. Mai 16 ɗin nan na sake kunna shi yau da safe, cikin waƙa 11 na tsallake 7, mai shayi ma cewa ya yi wai lafiya yau ko an yi rasuwa ne. Na tsofaffi kuma na ware musu bayan kayen ban sa lamba ba tukuna, don ban san ta inda zan kama ba, Malam in ka shigo Garwa ka biyo ta Yelwa da wannan mai zakaran in kwafa.

Saura abu ɗaya, ɗazu wani ɗan moto ya zo na ce masa biki kake so ko aiki ko dare, ya kalle ni ya ce shi dai a zuba masa masu daɗi na dala ashirin yana sauri. Na zuba masa mai 11 da rabin.