Wace kalma za mu ba fistular da ciwon daji ke haddasawa a maƙoshi?

Wani dattijo daga ƙauyenmu da ke kusa da Jahun ya dawo daga asibiti a Kano da takarda mai ɗauke da kalmar fistula, sunan da likitoci ke ba hanyar da ta ɓulle tsakanin sassan jiki biyu da bai kamata su haɗu ba. Da na ce yoyo ke nan, sai ɗansa ya dube ni ya ce, "Malam, yoyon fitsari kuma ga namiji?" Bai yi laifi ba, domin a nan Jigawa duk wanda ya ji yoyo, sashen matan da ke jinya a asibitin Jahun yake tunawa.

Abin da ya sami dattijon daban ne. Hanyar abinci tana manne ne a bayan hanyar numfashi, kamar gidaje biyu masu katanga ɗaya, kuma idan ciwon daji ya cinye katangar, ko gashin da aka yi wa ciwon ya narkar da ƙarin da ke wurin, sai abin da aka haɗiya ya zarce huhu. Na ga ya kurɓi koko cokali guda, nan take ya sarƙe shi, ya yi ta tari har hawaye suka zubo.

A Latin, fistula na nufin bututu, wanda bai gaya wa Bahaushe komai ba. Wani abokin aikina ya kawo huji, amma huji da gangan ake yin sa, kamar na kunne. Kafa ta dace da ma'ana, sai dai a waya, inda ba kowa ke sa lanƙwasa ba, za ta rikice da ƙafa. Ni na fi gamsuwa da ɓarakar maƙoshi, saboda tana ba mu damar bambanta ɗinke ɓaraka da toshe ta.

Toshewar ce likitoci suka fi yi idan ciwon ya yi nisa: sukan zura bututun raga na ƙarfe mai rufi ta baki, ya buɗe da kansa ya rufe wurin, wani lokaci a hanyoyin biyu, ko su sa robar abinci kai tsaye ta ciki. Wannan kulawa, wadda sunanta na Turanci, palliative care, ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin mayafi, ina ganin a kira ta jinyar sassauci, domin da zarar an ce "babu magani" sai dangi su kwashe majinyaci zuwa gida, alhali akwai abin da zai sa ya sha ruwa ba tare da ya ƙware ba.